Hijabin Yau da Kullum: Yadi, Ɗinki da Lafiyar Mai Sawa



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar yin magana a kan abin da wasu za su ɗauka ƙarami ne, watau yadda za mu zaɓi hijabin da muke sawa kullum, da yadda za mu sa shi ba tare da ya zame mana wahala ba. Hukuncin sutura mun bar shi ga malamai, su ne suka san bayanin aya ta 31 ta Suratun Nur da aya ta 59 ta Suratul Ahzab. Namu a yau shi ne abin da ke biyo bayan hukuncin: mace ta yarda za ta rufe jikinta, to da wane yadi, da wane ɗinki, kuma a wane yanayi?

Ɗaliba takan fita daga ɗakin kwana tun ƙarfe 7 na safe, ba ta dawowa sai wajen magariba. Ma'aikaciya ma haka, ga jiran mota, ga ofis, ga biyawa kasuwa a hanyar komawa gida. Ke nan tufa guda ce ke bisa kanmu sa'a 10 ko 11 a rana. Abin da muke son mu tabbatar a wannan zama shi ne, hijabin da ya dami mai shi ba ya cika aikin da aka ɗinka shi dominsa. Wadda zafi ya ishe ta za ta yini tana ɗage shi tana fifita da littafi, wadda nata ke zamewa za ta yini tana gyara, wadda roba ta matse wa fuska kuwa ciwon kai ne zai raba ta da karatun ranar. Saboda haka jin daɗin sawa wani ɓangare ne na suturar kanta, kuma ya cancanci a yi masa tunani irin na masu ilmi.

Yana da kyau mu tuna cewa hijabi ɗinkakke, irin wanda ake zura kai a ciki, bai daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa ba. Kakanninmu da zane suke lulluɓi, iyayenmu kuma suka taso da gyale da mayafi bisa kallabi ko ɗankwali. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ne ɗinkakken ya bazu, ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure, da masu dawowa daga aikin hajji, da ɗaliban manyan makarantu. Amma tunanin daidaita tufa da rana ya girme shi nesa ba kusa ba. Jajis ɗin da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, take turawa ƙauyuka su karantar da mata, da malfa aka san su. Malfar alamar muƙaminsu ce, amma kuma duk wanda ya taɓa tafiyar ƙasa da rana tsaka ya san amfanin inuwar da take yi. Zanen saƙi na auduga da kakanninmu suka yafa shi ma ɗan ƙasa ne, ya san zafin nan ya san sanyin nan. Mu ne muka zo a zamanin da kasuwa ta cika da yadin da aka saƙa a wasu ƙasashe, don haka mu ne ke da aikin tantancewa.

Mu fara da yadi, domin shi ne tushe. Galibin abin da ake ɗinka hijabi da shi a yau ya kasu gida uku. Akwai auduga, wadda kowa ya sani. Akwai biskos, wanda wasu ke kira reyon, ana yin zarensa daga ɓargon itace da aka narkar aka sarrafa, yana da laushi da sanyin taɓawa. Sa'an nan akwai dangin roba, watau poliyesta da nailan, waɗanda asalinsu daga man fetur ne. Bambancin da ya fi shafarmu a tsakaninsu shi ne shan danshi. Masana saƙa sun auna cewa auduga mai nauyin giram 100 takan riƙe wajen giram 7 zuwa 8 na danshi ba tare da an ji ta jiƙe ba, biskos ya fi haka, yakan kai 11 zuwa 13, poliyesta kuwa bai kai rabin giram ba. Ma'anar wannan ita ce, idan gumi ya keto a watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, auduga da biskos za su tsotse shi su sake shi ga iska, poliyesta mai matsattsiyar saƙa kuwa zai bar shi kwance a wuya da bayan kunne. Daga nan ne ƙurajen zafi da ƙaiƙayi da warin tufa ke samo asali.

Ba mu ce yadin roba ba shi da ranarsa ba. Ba ya yamutsewa, ba ya neman guga, launinsa ba ya saurin koɗewa, kuma da damina, sa'ad da shanya ke kwana biyu ba ta bushe ba, shi cikin ɗan lokaci ya bushe. Auduga kuwa tana yamutsewa, tana jinkirin bushewa, tana kuma ɗan tsukewa a wankin farko. Biskos yana da rauni idan ya jiƙe, wadda ta murɗe shi da ƙarfi wajen matsa za ta ga ya saki ko ya yage. Har ila yau, yanayin saƙa yana da tasiri kamar yadda irin zare yake da shi: shifon na roba mai sakakkiyar saƙa yakan bar iska ta ratsa fiye da auduga mai kauri, sai dai shi kuma yana da santsi, yana kuma nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Yadin jesi, mai miƙewa kamar na singileti, yana zama daram a kai ba tare da fil ba, amma mai kaurinsa yana da nauyi, kuma yana bin jiki. Kowane da inda ya fi, kowane da inda ya gaza. Da yawa daga cikin masu kyau ma gauraye ne, auduga da ɗan poliyesta, don a sami sanyin wannan da juriyar wancan.

To yaya za mu gane yadi, alhali mai shago a Kantin Kwari ko a kasuwar garinmu kowane yadi ya ɗauko zai ce mai sanyi ne? Akwai gwaji huɗu da ba su bukatar ɗakin bincike. Na farko, a ɗaga yadin a hasken rana a sa tafin hannu a bayansa. Idan ana ganin zanen yatsu sarai, to bai isa sutura shi kaɗai ba. Na biyu, a kara shi a baki a hura. Idan iskar ba ta iso hannun da ke ɗaya gefen ba, haka zai toshe iska a wuya. Na uku, a damƙe gefensa a hannu na ɗan lokaci a saki. Auduga da biskos za su nuna alamar damƙa, roba zai koma sumul kamar ba a taɓa shi ba. Na huɗu, wanda ya fi tabbaci, a roƙi ɗan ƙyalle ko 'yan zaruruwa daga bakin yadin, a je gida a kusantar da su ga ashana a kan faranti, nesa da sauran kaya. Auduga da biskos suna ci kamar takarda, da warin takarda, su bar toka mai laushi. Poliyesta da nailan kuwa sai su tattare, su narke, su bar dunƙulen abu mai tauri. Wanda ya yi wannan gwaji sau ɗaya ba ya ƙara bukatar rantsuwar mai shago.

Wataƙila wani ya tambaya, me ya sa a ƙasar da ke noman auduga, daga Funtuwa zuwa Gusau zuwa Gombe, yadin auduga mai kyau ya zama abin nema? Amsar tana cikin tarihin masaƙunmu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, har Kaduna da Kano suka zama cibiyoyin saƙa da ake ji da su a Afirka ta Yamma. Daga baya rashin wutar lantarki, da tsadar aiki, da kwararowar yadi mai araha daga waje suka durƙusar da su, har babbar masaƙar UNTL ta rufe ƙofarta a 2007. Wannan ne ya sa mafi yawan yadin da ke kanmu a wannan zaure ya ƙetaro teku ne. Mu da muke karatun tattalin arziki da aikin gona da injiniya, ya kamata mu riƙe wannan a zuciya, domin wata rana tambayar za ta iso teburinmu.

Sai batun launi. Kowa ya san baƙi ya fi fari ɗaukar zafin rana, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 1980, inda masana suka tambayi dalilin da ya sa Larabawan ƙauye masu yawo a hamada ke sa baƙaƙen riguna. Suka tsayar da mutum a rana, suka gwada shi da baƙar riga da fara. Abin da suka samu shi ne, baƙar ta fi ɗaukar zafi a bayanta, amma zafin da ya iso fatar mutumin kusan ɗaya ne, domin rigar mai yalwa ce, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama tana kwashe zafin kafin ya kai jiki. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, yalwa ta fi launi muhimmanci. Baƙin hijabi mai faɗi, wanda iska ke kaɗawa, zai fi sauƙi a kan mai haske da ya manne wa jiki. Sai dai a tsakar kai, inda yadi ke kwance a kan gashi ba tazara, baƙi yana ƙona kai sosai, don haka wadda za ta daɗe a rana da bazara gara ta nemi ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai haske. Fari tas yana da kyau, amma da hunturu ƙura ba ta barinsa ya kai azahar.

Tun da mun ambaci hunturu, mu ce wani abu game da shi. Idan iska ta bushe, yadin roba yakan tara wata irin wutar gogayya, shi ya sa yake manne wa jiki, yana jan ƙura, wani lokaci har a ji ɗan tartsatsi idan an cire shi. Auduga ba ta cika yin haka ba. Ashe ke nan shekararmu kashi uku ce, kuma kowane kashi da nasa: mara nauyi mai shan gumi da bazara, mai saurin bushewa da damina, mai ɗan kauri da hunturu. Wadda ta mallaki hijabi huɗu ko biyar da aka zaɓa bisa wannan lissafi ta fi wadda ta cika akwati da goma sha biyu iri ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mu kuma ɗalibai da kuɗinmu ƙidayayye ne, mun fi kowa bukatar abin da zai kai mu ƙarshen zangon karatu bai yi gashi ba, bai koɗe ba.

Bayan yadi sai ɗinki. Kuskuren da ya fi yawa a wurin fuska yake. Tela yakan yanka bakin fuska da ka, ko ya sa roba mai ƙarfi don kada ya zame, sai mai sawa ta yini da shatin roba a goshi da kumatu. Ya kamata a auna kowace mace, daga saman goshi a zagayo ta ƙarƙashin haɓa, a bar sararin da yatsa biyu za su shiga ba tare da dole ba. Igiyar ɗaurewa ta baya ta fi roba, domin ana iya sassauta ta idan rana ta take, a ƙara ta idan iska ta taso. Mai sa tabarau ta gwada hijabin da tabaraunta a fuska kafin ta karɓa, don kada ya danne mata ƙafafunsa a bayan kunne. Kuma idan yadin auduga ne, a wanke shi kafin a kai wa tela, domin ya gama tsukewarsa tun bai zama tufa ba.

Tsawo kuwa aiki ne ke yanke shi. Hijabi har ƙasa yana da kwarjini, ya dace da masallaci da zaman lacca, amma yana sharar ƙasa da damina, yana kuma harɗe ƙafa a matakalar bene. Mai zuwa gwiwa ya fi sauƙin tafiya. Wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ko a asibiti, ko a ɗakin koyon aikin injiniya, ta tanadi gajere wanda za a cusa cikin farar riga, kuma ya zama na auduga. Mai yawan rubutu ko aiki da kwamfuta za ta ji daɗin mai hannu, wanda ba sai ta tattare shi a kafaɗa ba kafin ta ɗauki biro.

'Yan'uwa, a nan ne maganar ta wuce ta jin daɗi ta koma ta rai. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne wa fata, ƙunarsa kuwa ta fi zurfi. Kada mu tsaya gaban risho ko murhun gas, ko wutar ɗakin gwaji, da dogon hijabi yana lilo. Haka nan bel ɗin injin markaɗe, da na janareto, da ƙafar babur, duk ba su san sutura ba. Idan suka kama gefen tufa sai su naɗe, kuma da yake hijabi a wuya yake, abin da zai biyo baya ba ya faɗuwa. Duk wadda za ta hau babur ta tattare hijabinta da gefen zanenta a cinya kafin a tashi. Sa'an nan ga wata ɗabi'a da muka raina, watau riƙe fil a baki yayin da hannu biyu ke gyaran gyale. Likitoci a Turkiyya da Masar da wasu ƙasashe sun rubuta labarin 'yan mata da yawa da dariya ko tari ya sa fil ya wuce musu cikin huhu, sai da aka zura na'ura, wani lokaci har aka yi tiyata, kafin a ciro shi. A ajiye fil a kan tebur, ko a soke shi a ɗan matashi, ko a koma ga mai kulle baki. Rigakafi ya fi magani.

Kada kuma mu manta da abin da ke ƙarƙashin hijabin. Gashin da aka rufe da danshinsa, ko bayan wanka ko bayan wankin kai, yana jawo ƙaiƙayi da wari, yana kuma ƙara wa mai amosani damuwa. A bar shi ya sha iska tukuna. Kitson da aka ja da ƙarfi, aka ɗora masa matsattsiyar hula, aka kuma ɗaure ɗankwali tamau a wuri guda kullum, shi ke cinye gashin gaban goshi a hankali, kuma idan abin ya daɗe gashin ba ya dawowa. Maganinsa mai sauƙi ne: a ce wa mai kitso ta sassauta hannu a gefen goshi, a riƙa sauya irin kitson, hular ciki ta zama ta auduga mai laushi, kuma idan an dawo ɗaki a buɗe kai ya huta. Hular nan ita ce ta fi shan gumi da man kitso, don haka ita ta fi bukatar wanki akai-akai, kuma ba abin aro ba ce, domin makero da ƙwarƙwata ta haka suke yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai.

Wanki ma yana da ƙa'idarsa. A raba masu zuba da masu haske, a wanke da ruwan sanyi, a ɗauraye sabulu ya fita sarai domin ragowarsa na sa ƙaiƙayi a wuya. Masu launi a shanya su a inuwa, ko a juya cikinsu waje, don rana tana cin launi. Wurin guga kuwa, auduga tana son dutse mai zafi, roba ba ya so; da yawa an yi asarar sabon hijabi da dutsen gawayi a daren da za a sa shi. Idan ana shakka, a shimfiɗa wani ƙyalle a kai kafin a ɗora dutsen.

Muna da kalma biyu ga 'yan'uwanmu maza, musamman waɗanda suka fara aiki suna shirin haɗa lefe, ko suke yi wa iyaye da ƙanne tsaraba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ku saya don ƙyalli ko don sunan ƙasar da aka kawo shi, ku tambayi mai sawa irin yadin da jikinta ke karɓa da tsawon da aikinta ke bukata. Waɗanda kuma za su riƙe ofisoshi da makarantu gobe, ku sani cewa an riga an yi nisa a wannan batu. A watan Maris na 2022 rundunar 'yan sandan Nijeriya ta amince wa jami'anta mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, kuma a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi a makarantun gwamnatin Jihar Legas 'yancin sa hijabi. Abin da ya rage shi ne, idan za a tsara kayan makaranta ko na aiki, a zauna da matan da za su sa, a zaɓi yadin da ya dace da zafin garin, kada a ba yarinya 'yar firamare roba mai kauri ta zauna da shi a aji mai rufin kwano.

A ƙarshe, 'yan'uwa mata, yayi yana zuwa yana wucewa, bana wannan launi, baɗi wancan ɗinki, amma rana da ƙura da ruwan ƙasarmu suna nan yadda suke. Idan muka shiga kasuwa, mu tambayi kanmu abu uku kafin mu buɗe jaka: shin wannan yadi ya rufe, shin zan iya yini da shi a watan da muke ciki, shin ba zai jawo mini haɗari a wurin aikina ba? Idan amsoshin uku suka yi daidai, sai a zo ga launin da rai ke so, domin ado halal ne kuma ba wanda ya hana. Muna kuma ba shugabannin ƙungiya shawara, a zama na gaba a gayyato tela da ma'aikaciyar jinya, kowace ta zo da ƙyallayenta, a yi gwajin nan a gaban jama'a, domin gani ya kori ji.

 Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya ba mu ilmi mai amfani.